Yoga a Tsakar Gidan Moduganari: Mu Ɗauki Miƙar, Mu Bar Musu Bautar

Na san tun daga ganin kan wannan rubutu wani zai yamutsa fuska ya ce, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da yoga, kuma me ya haɗa yoga da Moduganari? Ina roƙon mai karatu ya ɗan yi mini uzuri ya biyo ni a hankali, domin kuwa matsalar da zan yi magana a kanta rabinta ta likita ce, rabinta kuwa tamu ce, mu masu nazarin harshe.

A daren 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malalo cikin Maiduguri, shekara talatin bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwan ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, mu ma a Moduganari ba mu tsira ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 400,000 ne ya raba da muhallinsu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da wasu suka shiga bayan ruwa ya janye, an kwashe taɓo, an shanya tabarmi.

Ina da wata gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai ɗinki ce, kuma a da idan tana gida ba ka bukatar tambaya, dariyarta za ta gaya maka tun daga zaure. Bayan ambaliyar sai ta sauya. Ba ta kwanta ciwo ba, tana tashi, tana salla, tana dafa abinci, amma barci ya ƙaurace mata, ta daina zuwa suna da biki, an gyara mata keken ɗinkinta amma sai ta wuni tana kallonsa ta yi tagumi. Masu zuwa gaishe ta kowa da nasa bayanin. Wannan ya ce ta yi haƙuri ai ba ita kaɗai abin ya shafa ba, wancan ya ce iska ce ta ruwa ta taɓa ta, wata kuma ta ce raunin tawakkali ne. Da abin ya kai wata biyu, 'yarta ta lallaɓa ta suka je asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne amma bai yi tsanani ba, ya ba ta ranar komowa, ya ce ta riƙa motsa jiki tana shiga mutane. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mata wasu 'yan miƙe-miƙe da yadda za ta riƙa jan numfashi a hankali. Gwaggo ta kama yi, har kwana goma, ta ma fara cewa kafaɗunta sun saki. Rannan sai wani ɗan ɗakinta ya shigo ya gan ta a kan tabarma, ya ce, "Gwaggo, ashe kin fara yoga?" Ta ce mene ne haka? Ya ce ai irin abin nan ne da ake gani a fina-finan Indiya, mutum ya tanƙwashe ƙafa a gaban gunki. Nan take ta naɗe tabarmarta. Ta ce, "Ɗan nan, da tsufana ba za a sa ni bautar Indiyawa ba."

Kalma guda ta raba ta da abin da ta fara jin daɗinsa. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu.

Mece ce yoga?

Kalmar daga harshen Sanskirit take, tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar Indiya, kuma saiwarta tana nufin haɗawa ko ɗaurawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa biyu da itace guda. Ba za mu yaudari kanmu ba, asalinta a cikin addini da falsafar mutanen Indiya yake. Littafin da aka fi jingina ta da shi, wato Yoga Sutra na Patanjali, ya kasa ta gida takwas, kuma manufarsa ta ruhi ce. Sai dai abin lura shi ne, zaman jiki kashi ɗaya ne kawai cikin takwas ɗin, kuma 'yan jimloli kaɗan ya yi a kansa. Yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da ake yi yau da sunan yoga a ƙarni na 20 aka tsara su, musamman a hannun wani malami mai suna Krishnamacharya da ya koyar a birnin Maisur a shekarun 1930. Wani manazarci, Mark Singleton, ya nuna a littafinsa na 2010 cewa wasannin motsa jiki na Turawa sun yi tasiri ƙwarai a kan wannan sabon tsari. Ke nan abin da ake kira yoga yau gauraye ne: akwai miƙa jiki, akwai sarrafa numfashi, akwai natsuwa, sannan a wasu wuraren akwai ibada. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bisa shawarar Firayim Ministan Indiya Narendra Modi.

Saboda haka tsoron da Gwaggo ta ji ba jahilci ba ne, kuma ba ita ta fara jin sa ba. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga. A watan Janairu na 2009 majalisar malamai ta Indunusiya ta zauna a kan batun, ta rarrabe shi: yogar da ke ɗauke da ambaton abin bautar Hindu ta haramta ta, wadda kuwa motsa jiki ce zalla ta ce babu laifi. Saudiyya ta amince da koyar da yoga a matsayin wasan motsa jiki a 2017. 'Yan'uwanmu Kirista ma, waɗanda muke zaune tare da su a Moduganari, suna da irin wannan taka-tsantsan, domin a 1989 fadar Paparoma ta fitar da wasiƙa tana gargaɗi game da cakuɗa addu'ar Kirista da hanyoyin natsuwa na gabashin duniya.

Ni ba malamin fatawa ba ne, amma a nawa ganin hanyar da malaman Indunusiya suka bi ita ce ta fi dacewa da mu. A tsame abin da yake bauta a ajiye wa masu shi. Jerin motsin nan da ake kira gaisuwar rana, da furta kalmar nan ta "om", da haɗa tafin hannu a gaban wani hoto, duk ba mu da bukatarsu. Abin da ya rage kuwa, wato miƙa da numfashi, ba mallakin wata ƙasa ba ne. Kowane ɗan Adam idan ya farka daga barci yana miƙa yana hamma, kyanwa ma tana yi.

A nan zan ɗan ratse in ja kunnen wasu abokanmu da ke cewa ai salla ma yoga ce, tunda akwai ruku'u da sujada. Wannan magana ba ta yi ba, kuma tana ƙara ɓata lamarin. Salla ibada ce, ba don gyaran baya ake yin ta ba. Miƙa kuwa motsa jiki ce, ba a neman lada da ita. Kowanne a bar shi a matsayinsa.

Shin tana magani?

Amsar da zan bayar ita ce, tana taimakawa, amma ba kamar yadda masu tallarta ke kururutawa ba. A 2013 wani Bajamushe mai bincike, Holger Cramer, da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 12 da aka yi a kan mutum 619, suka ga yoga tana rage alamomin ciwon damuwa a gajeren lokaci idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. A watan Fabrairu na 2024 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani babban nazari na Michael Noetel na Jami'ar Queensland a Ostireliya da abokansa, inda suka haɗa bincike 218 mai ɗauke da mutum 14,170. Sun gano cewa tafiya a ƙafa ko sassarfa, da yoga, da ɗaga nauyi, suna cikin motsa jikin da suka fi rage ciwon damuwa, kuma yoga na cikin waɗanda mutane suka fi jurewa ba su watsar ba. Amma su da kansu sun faɗa cewa yawancin binciken da suka tattara akwai rauni a tsarinsu, don haka kada a ɗauki sakamakon tamkar yankan wuƙa. Wannan gaskiyar ta burge ni fiye da alƙaluman.

Duk wanda ya karanta wannan da kyau zai ga cewa ba yoga kaɗai ke da wannan amfani ba. Wanda ya tashi da sassafe ya taka daga Moduganari zuwa Gidan Waya ya dawo, shi ma ya sami rabonsa. To, me ya sa nake ta batun yoga? Saboda irin su Gwaggo. Dattijuwa ko matar aure a unguwarmu ba za ta ɗaura takalmi ta fita sassarfa a bakin titi ba, kuma babu mai ba ta ƙarfe ta ɗaga. Ga zafin Yerwa, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Amma tabarma da ɗan fili a tsakar gida ko cikin ɗaki, bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, wannan kowa yana da shi. Ba a biyan ko kwabo, ba a bukatar wutar lantarki, ba a bukatar matsattsun tufafin da ake gani a hotuna. Zane da riga ma sun wadatar.

Yadda abin ke aiki a jiki ba sihiri ba ne. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wanda ke cikin fargaba kuwa nasa ya fi sauri, kuma a ƙirji yake tsayawa. Idan mutum ya sassauta shi zuwa sau biyar ko shida a minti, yana jan iska ta hanci yana ƙirga huɗu, yana sakinta yana ƙirga shida, to akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, wadda ke rage bugun zuciya ta sa jiki ya lafa. Ba don banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa numfashi a hankali ya zama dabara ta farko a cikin tsarin taimakon masu damuwa da ta fitar a 2016, wanda aka shirya domin al'ummomin da bala'i ya afka wa, kuma wanda ba likita ba ma zai iya koyar da shi cikin zama biyar. Bugu da ƙari, ciwon damuwa yana da wata muguwar ɗabi'a: yana hana mutum yin komai, rashin yin komai ɗin kuma yana ƙara ciyar da ciwon. Duk abin da zai sa mutum ya tashi a ƙayyadadden lokaci ya yi wani abu da jikinsa, musamman tare da wasu, to ya fara tsinke wannan igiya.

Inda aikinmu yake

Yanzu bari mu dawo gida, wato kan harshe. Kalmar da likitoci ke amfani da ita a Turance don wannan ciwo daga Latin take, ma'anarta dannewa ƙasa. Mu kuma kafofin yaɗa labaranmu sun fi cewa "ciwon damuwa". Duk ɗalibin da ya yi darasin giredin aikatau na Parsons ya san "damu" ɗan giredi na 7 ne, ɗan'uwan "dafu" da "gyaru". Mukan ce fura ta damu, mukan kuma ce mutum ya damu, kamar dai an sa ludayi an juya zuciyarsa. Hoto ne mai kyau, amma kalmar ta yi faɗi da yawa. Wanda ya rasa kuɗin Keke Napep yana cikin damuwa, wanda jarrabawa ta matso masa yana cikin damuwa, wanda ya shekara ba ya jin daɗin komai a duniya shi ma damuwa. Shi ya sa idan ka ce wa mutum wance tana da ciwon damuwa sai ya ce, wa ya rasa damuwa a ƙasar nan?

A ɗaya gefen kuma muna da "taɓin hankali" da "hauka", waɗanda suka yi nauyi da yawa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga, a bakin jama'a sunansa asibitin mahaukata, kuma wannan suna kaɗai ya isa ya hana mai ƙaramin ciwo taka ƙofarsa. Tsakanin "damuwa" da "hauka" akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili dubban mutanen garin nan suke zaune, waɗanda suka ga abin da suka gani tun daga rikicin 2009 har zuwa ambaliyar 2024. Ba kalmomi muka rasa ba. Muna da baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙuncin zuciya, da zullumi, da fargaba, da yawan tunani, da mutuwar jiki. Abin da ba mu yi ba shi ne zama mu tantance wacce ta dace da wane hali, yadda likita da majinyaci za su fahimci juna.

Wasu sun riga mu. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Bai yi amfani da sunan Turanci ba, ya ɗauki kalmar harshen Shona, "kufungisisa", wato yawan tunani, domin ita mutane suka sani kuma ba su jin kunyarta. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna tsarin ya yi aiki. A nan Maiduguri ma gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta yi dabarar kai masu ba da shawara cikin unguwanni a Keke Napep, maimakon jiran mutane su zo.

Haka sunayen motsin yoga suke bukatar hannunmu, kuma a nan ne fassarar kalma da kalma za ta yi ɓarna. Alal misali, kwanciyar da ake rufe zaman yoga da ita, inda mutum zai kwanta rigingine ya saki jiki, sunanta a Sanskirit yana nufin kwanciyar gawa. Don Allah a duba, wa zai ce wa matar da ta rasa miji ko ɗa a garin nan ta yi kwanciyar gawa? A ce mata kwanciyar hutu mana. Akwai wani motsi da aka laƙaba wa sunan kare, wanda Bahaushe ba zai so a haɗa shi da shi ba, alhali in an ce baka, wato irin na kibiya, siffar ta fito. Wanda ake durƙusawa a kan gwiwa da tafin hannu ana ɗaga gadon baya ana saukewa, wannan miƙar kyanwa ce, sunan ya zauna daram. Wani kuma ya yi kama da sujada ƙwarai, wanda zuciyarsa ba ta natsu da shi ba ya bar shi, babu abin da zai ragu. Hatta umurnin "rufe idonka" sai an yi hattara da shi, domin akwai waɗanda idan suka rufe ido abin da suke gudu shi suke gani. Irin waɗannan a ce su kafa ido a kan tabarma kawai. Ita kanta kalmar yoga, ban ga dalilin riƙe ta ba idan an cire ibadar. Ba wai a ɓoye wa mutane asalin abin ba, wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya, daga Indiya aka samo tsarin, ga abin da aka ɗauka, ga abin da aka bari. Amma a kira shi da abin da yake, miƙa da numfashi.

Dole in ja layi a nan da babbar murya. Duk abin da na faɗa a kan ƙaramin ciwo ne. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya ɗauki akalla mako biyu, kusan kullum, yana hana mutum harkokinsa. Wanda ya daina cin abinci, ko ya kasa tashi daga shimfiɗa, ko yake jin muryoyi, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba na tabarma ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara miƙa. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon baya ko hawan ruwan ido, su tambayi likita tukuna, musamman kan motsin da ake sunkuyar da kai ƙasa. Na san likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wannan ƙaranci shi ne ma hujjata: idan masu ƙaramin ciwo suka sami abin da zai tallafe su tun da wuri a gida, layin asibiti zai ragu ga waɗanda ba su da makawa sai shi. Kuma gara matashi ya koyi sassauta numfashinsa da ya nemi barci a kwalbar kodin, wadda sai da gwamnati ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da ita a 2018, bayan wani rahoton BBC.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce, mu haɗa kai da takwarorinmu na Kanuri, tunda rabin tsofaffin unguwanninmu da Kanuri suke bayyana ciwonsu, mu nemi ɗaliban likitanci da na aikin jinya, mu fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin halin zuciya, da takarda guda mai bayanin motsi biyar ko shida cikin harshen da Gwaggo za ta ji ba ta tsorata ba. A kai wa malaman addini su duba kafin a raba. Wannan ya isa kundin kammala digiri na mutum biyu ko uku, kuma ya fi a sake rubuta wani kundin a kan karin magana da aka riga aka yi sau ɗari.

Ita Gwaggo, bayan kamar mako uku 'yarta ta shawo kanta. Ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla, ta ce babu ambaton kowa a ciki, in ta ga dama ma ta riƙa salati a zuciyarta tana yi. Ta koma, kuma maƙwabta biyu suka shigo ciki, sukan haɗu a tsakar gidanta da safe su yi kamar minti ashirin, sannan su sha kunu su yi hira ta fi ta miƙar tsawo. Ta koma wajen likita a ranar da ya ba ta. Ba zan ce miƙar ce kaɗai ta ɗaga ta ba, domin hirar da kunun da wucewar lokaci da addu'a duk suna da hannu. Amma kafin ƙaramar salla ta 2025 keken ɗinkinta ya koma ƙara. Har yau ba ta yarda a ambaci yoga a gabanta, ba ta kuma karɓi sunan da na ba abin ba. Ita "warware jijiya" take ce masa, kuma maƙwabtan nata ma haka suke cewa.